Amsa: Yadda ake sa hadari ya yi gudu a bidiyo

Malam, ka tambayi yadda ake sa gajimare ya riƙa gudu a bidiyo. Hotuna ne ake jerawa. In kana ɗaukar hoto ɗaya duk bayan sakan 5, awa guda za ta ba ka hotuna 720. Ka jera 24 a kowane sakan, ka samu bidiyon sakan 30 kacal.

Ni a bakin dam ɗin Gubi da ke Bauchi na gwada, da la'asar, hadari na haɗuwa daga gabas. Wallahi da na kalla sai da tsigar jikina ta tashi, baƙin hadarin nan na haɗiye duwatsu kamar hayaƙi.

Ka dai kafe wayar kada ta motsa, ka kulle hasken kyamarar da kanka kada ya riƙa canzawa, in ba haka ba hoton zai riƙa ƙiftawa. Batir ya zama a cike.