Tambaya da Amsa: Injin Babur Ɗina Ba Ya Ƙara, Ko Sai Na Duba Bawul?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi Kawasaki KLR650 na hannu, ya ci kilomita 38,000, kuma ba ni da labarin ko an taɓa duba bawul ɗinsa. Kwanan nan sai na sha fama da safe kafin ya tashi, a gosulo kuma yakan mutu. Bakaniken unguwarmu ya kasa kunne ya ce tafet lafiya lau, tunda ba ya ƙara. Zan iya dubawa da kaina a gida? Daga mai karatu, Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Za ka iya, kuma lokaci ya yi. Shirun da ya kwantar wa bakaniken hankali, shi ne ya tayar da namu. A irin wannan injin, yau da gobe bawul yana nutsewa cikin mazauninsa, sai tazarar da ke tsakaninsa da kamshaf, wato sandar da ke danna shi ya buɗe, ta ragu. Wanda ya yi sako-sako shi ke kaf-kaf. Wanda ya matse ba ya magana, sai dai ba ya rufuwa sosai: matsin injin ya zube, tashi ya yi wuya, a ƙarshe bawul ɗin hayaƙi ya ƙone, domin ta wurin zama daram a mazauninsa yake sauke zafi. Tsayuwar gosulon Oshodi da rana tsaka ba ta yi masa sauƙi.

Bakaniken ya saba da Boxer na 'yan acaɓa, mai noti da sukuru da ake juyawa. KLR ba haka yake ba. Kan kowane bawul akwai shim, wani faifan ƙarfe mai kama da kwabo, kaurinsa ke tsayar da tazarar.

Bar babur ya kwana bai yi aiki ba, awo da injin mai ɗumi ƙarya yake bayarwa. Wanke saman injin, musamman ramin fulogi, kada yashi ya faɗa ciki. Cire kujera da tanki da duk abin da ya tare murfin sama, kwance notocinsa huɗu, ka ɗaga shi a hankali saboda robar gasket. Fitar da fulogi don injin ya juyu da sauƙi. A gefen hagu akwai marufai biyu a jikin murfin maganeto. Ta na tsakiya za ka sa soket ka juya injin saɓanin tafiyar agogo, ta ƙaramin na sama kuma ka leƙa har alamar T ta daidaita da tsagar ramin.

A nan mutane ke ruɗewa. Alamar T tana zuwa sau biyu kafin injin ya gama zagayensa. Wadda kake nema ita ce wadda tozon kamshaf bai danna ko bawul ɗaya ba. In ka ga ana danne da wani, ƙara juyi ɗaya cikakke.

Sai fila geji, mai siraran ganyen ƙarfe, wanda aka rubuta da milimita. Zura ganye tsakanin kamshaf da shim. Na daidai yana shiga da ɗan ja, ba da turawa ba. Bawul biyu na shan iska, wato na wajen kafireto, 0.10 zuwa 0.20 ake so. Biyun hayaƙi 0.15 zuwa 0.25. Rubuta kowanne a takarda nan take. In duk suna ciki, rufe abinka, ka gama.

In ɗaya ya fita, sai an ɗaga kamshaf, kuma aikin ya canza nauyi. Lissafin dai ba wuya: a ce na hayaƙi ya ba ka 0.10, kana son 0.20, shim ɗin ciki an rubuta masa 260, wato milimita 2.60. Sabon zai zama 250. Suna zuwa ne da bambancin 0.05, kuma gara tazarar ta karkata wajen babbar lambar awon, tunda matsewa tazarar ke yi. Gefen da ke da lamba shi ke kallon ƙasa. Kada ka yarda a goge maka tsoho a dutsen niƙa don ya rage kauri. Auna naka tukuna kafin ka shiga kasuwar kayan gyara ta Ladipo ko ka yi oda daga waje.

Cusa tsumma mai tsabta a ramin sarƙar taimin, wadda ke juya kamshaf, kafin ka taɓa komai. Noti ɗaya ya faɗa can, sai ka buɗe gefen injin. Cire abin da ke tsuke sarƙar, ka mayar da shi farkonsa kafin ɗaurawa. Ɗauki hoton alamomin haƙoran kamshaf da waya, don tsallake haƙori na iya sa fistan ya doki bawul. Notocin da ke riƙe kamshaf Nm 12 (ma'aunin ƙarfin ɗauri) suke so, na murfi wajen 8, kuma cikin alminiyam suke shiga. In ba ka da sifana mai auna ɗauri, ka tsaya a awo, ka kai sauran wurin mai ita.

Bayan haɗawa, juya injin da hannu sau biyu, sake awo, sannan ka taɓa sitata. In tazara ta fito daidai amma tashin safe bai gyaru ba, koma kan ƙaramin jet na kafireto da matatar iska.