Ban da Clara Schumann, wace ce kuma a matan Jamus masu tsara kiɗa?

Malama, kin tambaya ko akwai wata Bajamushiya da ta tsara kiɗa a ƙarni na 19 ban da Clara Schumann. Akwai kuwa, kuma wadda zan fara ambata miki ita ce Emilie Mayer.

An haife ta a garin Friedland a 1812, mahaifinta mai kantin magani ne. Tun tana ƙarama ta fara koyon fiyano, amma ba ta duƙufa ba sai bayan rasuwar mahaifin a 1840. Da gadon da ya bar mata ta koma Stettin, wanda yanzu yake cikin Poland, ta zauna gaban mai tsara kiɗa Carl Loewe tana ɗaukar darasi. A 1847 ta wuce Berlin.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙarfin halinta. A zamanin, galibi mace ba ta wuce 'yan waƙoƙin da za a rera a falo, ita kuwa ta rubuta simfoni har takwas, wato dogon kiɗan da sai babbar ƙungiyar makaɗa ke iya yi. A 1850 aka cika dare guda a gidan wasan sarki na Berlin da ayyukanta kaɗai. Ba ta taɓa aure ba.

Ta rasu a Berlin a 1883, aka manta da ita kusan shekara ɗari, abin takaici. Ki nemi kiɗanta mai suna Faust-Ouvertüre a YouTube, da shi za ki fara.