Kwana biyu a birnin bakin teku sun isa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Asabar da Lahadi za su ishe ka zaga birnin bakin teku. Za su isa, muddin ka sauka tun daren Juma'a, ka kama masaukin da za ka iya takawa da ƙafa zuwa bakin ruwa. Kada ka tara wurare barkatai. Biyu ko uku a rana sun wadatar, in ba haka ba a cikin mota za ka ƙarar da hutun.

Amma ka tsara fitarka bisa rana. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma ta fi ƙuna, kuma iskar teku mayaudariya ce: tana kaɗa ka kana jin sanyi-sanyi, sai da daddare ka ji wuya da kafaɗu suna raɗaɗi. Na ga masu ƙananan yara sun sha wuya da wannan. Ka yi yawon waje da sassafe, tsakar rana ka fake a gidan tarihi, da la'asar ka koma bakin ruwa da gorar ruwan sha. In ka ga an kafa jan tuta, don Allah kada ka shiga teku, ko da ka iya iyo.