Jagora Uku, Magana Uku: Wanne Zan Bi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina shekarar ƙarshe ta lisansi, ina rubuta memwar (kundin binciken kammala karatu) a kan noman albasa a Galmi. Malamin da ke duba aikina ya ce in bi tsarin APA. Na duba shafuka uku masu koyar da yadda ake rubuta madogarar da aka ɗauko daga intanet, kowanne da tasa maganar. Na farko ya ce a sa "Repéré à" gaban adireshi, na biyu ya ce a rubuta ranar da aka karanta, na uku bai sa ko ɗaya ba. Kaina ya ɗaure. Daga wata ɗaliba a Tahoua.

Amsa: Wa alaikis salam ɗiyata. A ɗakin karatun da nake aiki a nan Yamai, da zarar lokacin sutenans, wato kare memwar a gaban malamai, ya gabato, wannan tambayar ce ke fara yi mini sallama.

Babu maƙaryaci a cikin ukun nan, sai dai kowanne da zamaninsa da gidansu. APA tsari ne na ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, kuma ana sabunta shi. Bugu na shida ya fito a 2009, shi ne mai "Repéré à" a fassarar Faransanci. Bugu na bakwai da ya fito a ƙarshen 2019 ya cire ta, har da sunan garin da aka buga littafi. Kin ga shafinki na farko ya tsufa, na uku shi ke kan bugun yanzu. Na biyun kuwa ina kyautata zaton wani tsari daban, ISO 690, yake koyarwa, wanda ke neman a rubuta "consulté le" da kwanan wata. A APA na bakwai ba a sa ranar karatu sai ga shafin da abin cikinsa ke sauyawa kullum.

Saboda haka kafin ki amince da kowane jagora, nemi inda ya faɗi bugun da yake bi. Wanda bai faɗa ba, ki rufe shi. Sannan ki duba na wane ne. Ni na fi natsuwa da na jami'o'i, kamar na Jami'ar Montréal da ke da APA cikin Faransanci, ko Purdue OWL ga mai jin Ingilishi. Masu cewa liƙa adireshi kawai su haɗa miki madogara suna yawan maida sunan shafi ya zama sunan marubuci. Ko Zotero, manhajar tsara madogara da nake so ƙwarai kuma kyauta ce, sai kin bi bayanta kin gyara.

Ga gwajin da nake yi wa jagora: yaya zai yi da takardar da ba ta da sunan mutum? Idan kin ɗauko alkaluman ƙidayar 2012 daga shafin INS, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, hukumar ita ce marubuciya. In babu shekara, a sa "s.d.", wato ba kwanan wata. Jagoran da bai taɓo waɗannan ba bai san irin takardun da muke aiki da su a Nijar ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ɗalibi ya zo ranar sutenans adireshi ya mutu. Duk abin da kika karanta, ki sauke shi a wayarki ranar, ki adana shafin a Wayback Machine, ma'ajiyar da ke adana kwafin shafukan intanet. In maƙala tana da lambar DOI, wato lambar shaidarta ta dindindin a intanet, ita za ki rubuta, don ta fi adireshi daɗewa.

Gobe ki kai wa malaminki madogara biyu kacal da kika rubuta da bugu na bakwai, ya gani kafin ki yi sauran. Allah ya ba da sa'a.