Ruwan Galma da fadamun bakin teku

Malam, ka tambaya ko ruwan da ke gangarowa daga tudu irin namu yana taɓa fadamun gishiri na bakin teku. Yana taɓawa sosai. Ruwan Kubanni da Galma na nan Zariya yana zuba ne a kogin Kaduna, Kaduna ta kai shi kogin Neja, Neja ta kai shi yankin Neja Delta a bakin teku.

Abu biyu yake kai musu. Ruwan daɗi yana sirka na teku, gishiri ya ragu har ciyawa da itatuwan fadamar su rayu, ƙananan kifi da jatan lande su samu wurin girma. Sai kuma laka, wadda a ganina ita ce babba. Ita ke taruwa tana ɗaga ƙasar fadamar, in ta yanke teku ya riƙa cinye gaɓa. Madatsun ruwa irin Kainji na 1968 da Shiroro na 1990 suna tare laka mai yawa a bayansu, ruwan gishiri kuma ya ƙara kutsowa ciki da rani.

Takin zamani da ruwan damina ke wankewa daga gonakinmu shi ma yana tafiya, yana haddasa gansakuka mai rage wa kifi iska a cikin ruwa.