Ko Kashe Ƙwari Zunubi Ne? Amsa Ga Mai Koyon Aikin Feshi

Ɗana, ka tambaye ni ko aikin feshin da kake koya a hannuna yana jawo maka zunubi a gaban Allah, tun da kullum muna hallaka kyankyasai da kuɗin cizo da sauro bila adadin, alhali Dokoki Goma sun hana kisa. Na ji daɗin tambayar, domin yaron da zuciyarsa take yi masa irin wannan magana shi ne ake iya sakar wa tankin feshi a cikin gidan mutane. Amsata ita ce kashe ƙwaron da ke cutarwa ba zunubi ba ne a addinin Kirista, amma sana'armu tana da nata ƙofofin zunubi, kuma su ne na fi so ka ji tsoro.

Dokar hana kisa da ke cikin Fitowa 20:13 a kan ran ɗan Adam take magana, kuma Farawa 9:6 ta faɗi dalili, wato an yi mutum cikin kamannin Allah, abin da ba a faɗa game da wata halitta ba. A wannan sura ɗin, aya ta 3, Allah ya ba Nuhu da zuriyarsa duk abin da ke motsi ya zama abincinsu. Shari'ar Musa da ta hana kisankai ita ce ta halatta cin fara a Littafin Firistoci 11:22, kuma Yahaya Mai Baftisma, wanda Yesu ya yaba masa ƙwarai, fara da zuma yake ci a jeji. Lokacin da maciji ya maƙale wa Manzo Bulus a hannu a tsibirin Malita, karkaɗe shi ya yi cikin wuta, ba kuwa inda aka lissafta masa wannan a kan laifi. Agustin, bishop ɗin Hippo a Arewacin Afirka da ya rasu a shekara ta 430, ya bayyana cewa dokar ba ta shafi tsire-tsire da dabbobi marasa hankali ba, kuma a kan haka akasarin ikilisiyoyi suke har yau.

Ni kam na wuce cewa aikin halal ne kawai, ina ganinsa wani ɓangare na ƙaunar maƙwabci. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa zazzaɓin cizon sauro yana kashe kimanin mutum dubu 600 a kowace shekara, mafi yawansu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5 a Afirka. Wanda ya ga sauro ya cika ɗakin da jariri yake kwana, ya naɗe hannu wai yana tausayin sauro, ya bar babban hakki ya kama ƙarami.

Duk da haka, ƙwarin nan ba mu muka halicce su ba. Allah ya ba mutum iko a kan masu rarrafe a Farawa 1:26, amma a Farawa 2:15 ya sa shi a gonar domin ya noma ta, ya kuma kiyaye ta, saboda haka ikon amana ne da za a tambaye mu a kansa. Karin Magana 12:10 ta ce adali yana kula da ran dabbarsa, sannan 6:6 ta aika rago wurin tururuwa ya koyi hikima. Katikizim, wato littafin koyarwar Ikilisiyar Katolika, shi ma, a sakin layi na 2418, ya ce sa dabbobi su sha wahala ko su mutu ba tare da bukata ba ya saɓa wa mutuncin ɗan Adam. Abin dubawa ke nan, bukata. Wanda ya kama mazari ya fige masa fukafukai domin ya ga yadda zai yi birgima, mugunta ce yake renon ta a zuciyarsa, ko da abin da ya kashe bai kai ɗan yatsa ba.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu kai tsaye. Maganin da ke cikin tankinka bai san mai laifi da marar laifi ba. Idan ka fesa shi a kan furanni da rana tsaka, ƙudan zuma za ka kashe, kuma kimanin kashi 75 cikin 100 na nau'o'in manyan amfanin gona na duniya suna amfana da ƙwari da sauran halittun da ke ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan. Shi ya sa nake hana ka feshi a lambu sai da yamma lis, bayan zuma ta koma amya, kuma idan iska ta taso mu dakata. Saboda kare zuma ne Tarayyar Turai ta hana amfani da wasu magunguna 3 a fili a 2018. Ka tuna da maganin ƙwarin nan DDT kuma, wanda Paul Müller ya gano ƙarfinsa a 1939, har ya sami lambar yabo ta Nobel a 1948. Ya ceci rayuka masu yawa, amma da aka riƙa kwarara shi a gonaki ba awo, sai ya taru a jikin kifaye da tsuntsaye, har Amurka ta hana shi a 1972, ga kuma sauro a wurare da dama ya saba da shi. Ba kisan sauro ne ya jawo ɓarnar ba, wuce gona da iri ne.

Don haka nake matsa maka ka duba kafin ka buɗe kwalba. Ka ɗaga katifa, ka bi ɗinkin gefenta da tocila, ka nemi baƙaƙen ɗigo-ɗigon da kuɗin cizo ke bari. Ka zagaya bayan gida, ka kifar da tsohuwar taya ko gwangwanin da ruwa ya kwanta a ciki, inda za ka ga tsutsar sauro tana wutsil-wutsil, domin sau da yawa wannan kaɗai ya rage rabin matsalar ba tare da ɗigon magani ba. Gizo-gizo da ƙoƙi-ƙoƙi ka bar su, su ma ƙwari suke ci.

Zunubin da na fi gani a wannan sana'a a kan mutane ake yin sa. Akwai mai tsorata maigida da garar da babu ita domin ya sami aiki, akwai mai tsarma magani da ruwa ya karɓi cikakken kuɗi, akwai kuma mai ninka awon da aka rubuta a jikin kwalba domin a ji wari a yaba masa. Mafi muni shi ne mai sa ƙwayar nan ta rumbun hatsi, wadda ke fitar da iskar fosfin mai guba, a ɗakin kwana. An yi asarar rayuka ta wannan hanya a ƙasashe da dama, kuma a nan ne dokar Fitowa 20:13 take hawa kan mai feshi da gaske. Kada ka fara aiki sai an rufe abinci da ruwan sha, an fitar da yara da dabbobi, ka kuma faɗa wa masu gida ƙarara lokacin da za su dawo su buɗe tagogi.

Idan bayan duk wannan zuciyarka ba ta kwanta ba, kada ka danne ta saboda ni, gama Romawa 14:23 ta ce duk abin da ba a yi shi da bangaskiya ba zunubi ne. Ka zauna da fastonka ku bi ayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, ni kuma kafin nan zan bar ka a kan binciken gidaje da toshe kafofin da ƙwari ke shigowa, wanda shi ma aiki ne da sai an koya.