Noti mai juyawa ko rak da finiyan? Amsa ga masu ƙera CNC a gida

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni kafinta ne a Sokoban, kasuwar katako ta Kumasi, ina zaune a Aboabo. Ina haɗa injin CNC, wato injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa, da zai ɗauki cikakken falankin fulawud, milimita 1220 da 2440. Na sa bol-sukuru 2005, sandar sukuru mai noti da ƙwallaye a ciki, a dogon gefen, amma da na ƙara gudu sai sandar ta kama rawa tana kaɗa tebur. Wani masta a Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera, ya ce in kafe sandar, in sa notin ya riƙa juyawa. In yi hakan, ko in sayi wani abu?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Mastan bai yi ƙarya ba, sai dai bai gaya maka kuɗin maganin ba.

Rawar nan daga tsayi take. Kowace sanda tana da iyakar zagayen da za ta jure, kuma idan ka ninka tsayinta sau biyu, iyakar takan faɗo zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Sanda mai kaurin milimita 20 da ta kusa mita 3, ko an kama bakinta biyu da kyau, ba a so ta kai zagaye 500 a minti. Ga shi 2005 milimita 5 kawai take tafiya a kowane zagaye. Lissafa: mita biyu da rabi a minti, gudun da ba zai fitar da ƙofofin kwastoma a kan lokaci ba.

Idan aka kafe sandar aka ɗame ta, moto ya hau kan gadar injin, wato ɓangaren da ke tafiya a kan tebur ɗauke da abin yanka, yana juya noti da bel mai haƙora, rawar takan ragu sosai. Wahalar tana cikin gidan notin. Sai an sassaƙa masa kwasfa da za ta zauna cikin boris biyu masu ɗaukar turi ta gaba da ta baya, fuli ya hau jikinta, kuma dukkansu cibiya ɗaya. In ta kauce ko da kaurin gashi, kowane zagaye notin zai riƙa jijjiga sandar, ka ga an gudu ba a tsira ba. Suame akwai gwanayen sassaƙar ƙarfe, amma ka tsaya a kan wanda ka ba aikin, ka ce ya yi ramin noti da mazaunin boris a ɗauri ɗaya, kada ya kwance ƙarfen ya sake ɗaurawa. Sannan ga giris: bakin da ake zuba shi yanzu yawo yake, juyi kuma yana watso shi waje. Kwasfa da fulin suna da nauyi, ƙaramin moto zai yi ta ɓatar da taku wajen tashi da tsayawa.

Ni dai, in katako za ka yanka, rak da finiyan zan saya wa dogon gefen, wato miƙaƙƙen ƙarfe mai haƙora da ƙaramar giya da ke birgima a jikinsa. Ba ya rawa komai tsayinsa, ana haɗa shi gaɓa-gaɓa, in ka kifa haƙoransa ƙasa ƙurar katako ba ta zama a ciki, kuma wanda ya san Sokoban ya san ƙura. Sandar 2005 ɗin kada ka yar, a yanke ta ta koma gajeren gefe. Noti mai juyawa na wanda ke yankan alminiyam ne yana neman awo mai tsauri, shi ma da sanda mai tafiya da nisa a kowane zagaye irin 2510 ko 2525.

Tambaya: Malam, nawa injin yana tafiya lafiya a tsakiya, amma da ya kusa ƙarshe sai ya cije, moto ya yi ƙara. In sayi babban moto? Daga mai walda a Asawase.

Amsa: Riƙe kuɗinka, Masta. Sandar ce ba ta jitu da layukan da gadar ke bi ba. A tsakiya tana lanƙwasawa ta bi noti, a ƙarshe kuwa babu inda za ta je. Babban moto zai tura ta da ƙarfi ne kawai ya cinye ƙwallayen notin.

Fara da layi ɗaya, ka miƙar da shi ka ɗaure, shi ne uba. Na biyun ka bar shi sako-sako, ka tura gadar tana daidaita shi kana ɗaurewa. Sai ka sassauta maƙallan sandar duka biyu, ka kai gadar ƙarshe ɗaya, notin da kansa zai nuna wa maƙalli mazauninsa, ka ɗaure, ka koma ɗaya ƙarshen. Inda ka ga giɓi a ƙarƙashin maƙalli kada ka matse shi da ƙarfi, yanko gwangwanin lemo ka cusa. Walda tana jan ƙarfe, da wuya firam ya fito a miƙe.

Abin da ya cancanci saye shi ne agogon awo mai gindin maganaɗisu, don duba miƙewar layukan da sandar. Bayan ka gama ɗaurin, cire bel, ka juya sandar da hannu daga wannan baki zuwa wancan; in nauyin bai canza a hannunka ba, mayar da bel ɗin.